Hutu Ga Masu Aikin Da Ba Ya Ƙarewa

  Ina gajiya? Na san amsar da za ku ba ni. Za ku ce, "Ba gajiya." Haka muka saba. Ko mutum ya yini yana huɗa, bayansa kamar zai tsage, in aka tambaye shi sai ya ce ba gajiya. Amma yau ina so mu tsaya a kan wannan gaisuwa, mu amsa ta da gaskiya a gaban Allah. Akwai gajiya a gidajenmu, tana kuma cin mutane a ɓoye.

Maganarmu ta yau ta fi shafar mutane iri biyu. Na farko, iyaye masu reno da neman abin da za a ci. Na biyu, masu aikin rubutu: fasto da mai bishara da ke rubuta wa'azi kowane mako, malamin makaranta, sakataren ikilisiya, mai tsara waƙoƙi, da 'yan'uwanmu da ke fassara Maganar Allah ko rubuta littattafan koyon karatu cikin harsunanmu na gida. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne yake ɗauke da kayan nan biyu.

Me ya haɗa uwa da marubuci? Aikinsu ba shi da bakin iyaka. Manomi yana ganin ƙarshen kunya. Tela yana gama riga ya rataye. Magini yana ɗora jinka ya sauko. Amma uwa ta wanke tukunya yanzu, an jima an sake ɓata ta. Uba ya biya kuɗin makaranta, kafin ya numfasa wani zango ya zo. Mai wa'azi ya sauko daga bagade ranar Lahadi, wata Lahadin tana tafe. Saboda haka duk wanda ya ce, "Zan huta in na gama," a cikin waɗannan mutane, ya yi wa kansa alkawarin da ba zai cika ba. Mai irin wannan aiki dole ya yanke wa hutu lokaci tun aikin bai ƙare ba, dole kuma wani ya riƙe masa kayan yayin da yake hutawa. Abin da muke so mu bayyana ke nan.

Allah ne ya fara ba da hutu

Mu koma farkon Littafi Mai Tsarki. A Farawa sura 2, an faɗa mana cewa Allah ya gama aikin halitta, ya huta a rana ta bakwai, ya sa mata albarka, ya keɓe ta. Gajiya ce ta kama shi? A'a. Annabi Ishaya a sura 40 ya tabbatar mana cewa Mahalicci ba ya gajiya. Ya huta ne domin ya kafa wa 'yan Adam tsari. Ku lura da wannan kuma: a rana ta shida aka halicci mutum. Wato cikakkiyar rana ta farko da Adamu ya gani a duniya, ranar hutu ce. Bai riga ya yi noma ko ɗaya ba. Kyauta aka ba shi, ba ladan aiki ba.

Da Allah ya ba Isra'ilawa Dokoki Goma, ya sa hutu a cikinsu, a jere ɗaya da dokar hana kisa da ta hana sata. A Fitowa sura 20 dalilin da aka bayar shi ne halitta. A Maimaitawar Shari'a sura 5 aka ƙara wani dalili: su tuna dā bayi ne su a Masar. Bawa ba shi da ranar hutu. Mutumin da ba ya iya ajiye aiki ko na yini ɗaya, ya koma bauta, ko da kuwa shi ya ɗaure kansa.

Dokar nan ba ta tsaya a kan maigida kaɗai ba. Ta ambaci ɗa da 'ya, bara da baranya, baƙo, har da sa da jaki. Ma'anarta ita ce, hutunka bai cika ba in wani a gidanka yana shan wahala domin kai ka miƙe ƙafa.

Ga wata aya da ya kamata kowane manomi ya sani, Fitowa 34:21. A can Allah ya ce a huta har a lokacin huɗa da lokacin girbi. Ku duba fa. Lokacin da aiki ya fi yawa, lokacin da acca ta nuna tana zuba, lokacin da ciyawa ke neman cinye masara, shi ne lokacin da Allah ya kira da sunansa. Ya san halinmu. Ya san a nan ne za mu ce, "Bana dai sai haƙuri." Littafin Firistoci sura 25 ma ya ce a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai. Kakanninmu sun san amfanin barin gona ta zama saura, ta dawo da ƙarfinta. In ƙasa tana gajiya, balle mutumin da aka yi da ƙasa.

Mu Kirista muna taruwa a ranar farko ta mako, ranar da Ubangiji ya tashi daga matattu. Ba mu zo yin gardama a kan ranaku ba. Yesu da kansa ya koyar, a Markus sura 2, cewa domin amfanin mutum aka kafa ranar hutu. Tambayar da ke gabanmu ita ce: a cikin kwana bakwai ɗin nan, akwai ranar da kake ajiye fartanya da alƙalami?

Jiki magayi

Bahaushe ya ce jiki magayi. Abin da baki ya ƙi faɗa, jiki zai faɗa.

A shekarar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da sakamakon wani babban bincike. Sun gano cewa mai yin aiki awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100, in aka gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40. Sun kiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum wajen 745,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin doguwar awar aiki.

To, mu yi lissafin uwar gida. Ta tashi ƙarfe 5 na asuba, ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta shirya yara, ta tafi gona ko kasuwa ko wurin aiki, ta dawo ta ɗora tuwo, ta yi wanke-wanke, ba ta kwanta ba sai ƙarfe 10 na dare. Ko mun cire mata awa uku na cin abinci da ɗan zama, saura awa 14. Daga Litinin zuwa Alhamis ta riga ta cika awa 56. Ga Juma'a, ga Asabar, ga Lahadi suna jiranta.

Likitoci sun ce baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye kowane dare. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. A cikin barci ne jiki yake gyara abin da ya lalace, bugun zuciya ya lafa, ƙwaƙwalwa ta adana abin da aka koya da rana. Wanda ya daɗe yana cin bashin barci, sai ka ga saurin fushi, mantuwa, ciwon kai, yawan kama mura da zazzaɓi. A hankali hawan jini ya samu ƙofa. Hawan jini kuwa yakan zauna shekaru a jikin mutum ba tare da wata alama ba. Awo ne kaɗai ke nuna shi. In an auna ka aka ga 140 bisa 90 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, ka je wurin ma'aikacin lafiya, kada ka tsaya jiran jiri.

Wasu kuma suna neman rufe bakin gajiya da goro, da kofi, da lemun ƙara kuzari, wasu har da ƙwayar tramadol don su iya noma da yawa. Waɗannan ba sa ƙara wa jiki ƙarfi. Suna toshe kunne ne kawai kada a ji kukan jiki. Tramadol kuwa tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita, tana kuma iya jawo farfaɗiya da mutuwa. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Wa zai ga rufin majami'a yana yoyo ya ce ba komai?

Yadda Allah ya bi da bawansa da ya gaji

Ku karanta 1 Sarakuna sura 19 a gida. Annabi Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, inda ya tsaya shi kaɗai a gaban annabawan Ba'al 450. Sai Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa. Ya gudu daga Yezreyel har Biyer-sheba, tafiyar wajen kilomita 150. A can ya bar baransa, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai. Ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Me Allah ya yi? Da mu ne, da mun ce, "Haba Malam, ina bangaskiyarka? Tashi ka yi azumi." Allah bai yi haka ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ya nuna masa waina da aka toya da butar ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Mala'ikan ya sake tashinsa ya ci, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan barci da abinci, da tafiya zuwa Dutsen Horeb, Allah ya yi masa magana. Ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin aiki.

Ku ga jerin: barci, abinci, maganar Allah, sa'an nan mataimaki. Wani lokaci abin da muke ɗauka raunin bangaskiya ne, yunwa ce da rashin barci da kaɗaici. Mutumin da ya gaji yakan ga kamar shi kaɗai ya rage, kamar in ya saki komai zai rushe. Haka Iliya ya gani, kuma ba gaskiya ba ne.

Ga iyaye

Bari in ba ku misalin abin da ke faruwa a gidaje da yawa. Ranar Lahadi an dawo daga sujada. Maigida ya tuɓe babbar riga, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya kunna rediyo. Uwargida kuwa ko ɗankwalin zumunta ba ta cire ba, ta wuce madafa da jariri a baya. Baƙi sun zo, a ƙara tuwo. Da yamma akwai taro a majami'a. Da dare a wanke kayan makarantar yara. Maigida ya kiyaye ranar hutu. Uwargida fa?

Ya kai maigida, dokar da ta tuna da jakin gida ba za ta manta da matarka ba. Ba abin kunya ba ne ka ce, "Uwargida, kawo yaron nan, je ki kwanta awa biyu." Ba abin kunya ba ne ka koya wa 'ya'yanka maza ɗebo ruwa da wanke kwano. A dafa miyar Lahadi tun ranar Asabar. In baƙi sun zo, a ba su abin da ke akwai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce, "Ai macen kirki ta Karin Magana sura 31 tana tashi tun da duhu, fitilarta kuma ba ta mutuwa." Gaskiya ne. Amma ku karanta surar duka. Matar nan tana da barori mata da take raba wa aiki. Mijinta da 'ya'yanta suna yabonta. In kana so ka karanta wa matarka ayar tashi da asuba, ka karanta wa kanka ayar mataimaka da ta yabo.

Ke kuma 'yar'uwata, wani lokaci ke ce kike ƙin sakin aiki. Kina cewa ba wanda zai tuƙa tuwon yadda kike so. Ki tuna da Musa a Fitowa sura 18. Yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, shi kaɗai. Surukinsa Yetro ya dube shi, ya gaya masa gaskiya cewa wannan hanya ba ta da kyau, zai gajiyar da kansa, ya kuma gajiyar da mutanen. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, da na goma. Musa, mutumin da ya yi magana da Allah, ya ji shawarar surukinsa. In 'yarki ta tuƙa tuwo ya yi gudaji yau, gobe zai yi laushi. Haka ke ma kika koya.

Akwai lokacin da ya fi kowane muhimmanci, wato bayan haihuwa. Jikin mace yana bukatar wajen mako shida kafin ya fara komawa daidai. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa uwa ko suruka takan zo zaman jego. Yanzu da yawa suna zaune a birni nesa da dangi. A nan ne zumuntar mata za ta zama uwa: wannan ta kawo kunu, waccan ta yi wanki, wata ta kai manyan yaran makaranta. In kuwa mai jego ta shiga baƙin ciki mai tsanani, tana yawan kuka, ba ta jin daɗin komai har fiye da mako biyu, kada a ce taurin kai ne ko rashin godiya. Ciwo ne da likitoci suka sani, yana kuma da magani. A yi mata addu'a, a kai ta asibiti.

Shugabannin ikilisiya ma suna da nasu rabo. In an cika kowane maraice na mako da taro, yau na mata, gobe na mawaƙa, jibi na kwamiti, ga addu'ar dare, ga gudummawar gini, yaushe iyali za su zauna su ci abinci tare? Dattawa su duba tsarin mako, su bar wa gidaje wasu maraice babu kira.

Ga masu rubutu

Littafi Mai Tsarki ya san gajiyar marubuci. Mai Hadishi, wanda wasu ke kira Mai Wa'azi, ya faɗa a sura 12 cewa rubuta littattafai ba ya ƙarewa, yawan nazari kuma yana gajiyar da jiki. Mutane sukan ga mai rubutu a zaune a inuwa su ce ai shi hutawa yake yi. Wanda ya taɓa kwana yana neman kalma ɗaya da za ta ɗauki ma'anar "alheri" ko "fansa" cikin harshensu, ya san ba haka ba ne.

Akwai wani marubuci mai suna Baruk, magatakardan Annabi Irmiya. Shi ya rubuta dukan saƙon annabin a naɗaɗɗen littafi. A Irmiya sura 36, sarki Yehoyakim ya sa aka karanta masa, yana yankawa da wuƙa yana jefawa a wuta har ya ƙone duka. Sai Baruk ya sake rubutawa daga farko. Duk wanda kwamfutarsa ta taɓa lalacewa da aikin wata shida a ciki, ko gara ta ci takardunsa, ya san wannan zafi. A sura 45 mun ji kukan Baruk, cewa ya gaji da nishi, bai sami hutawa ba. Allah ya aiko masa da saƙo nasa na kansa. Ya ce masa kada ya nemar wa kansa manyan abubuwa, ya kuma yi alkawari zai kiyaye ransa duk inda ya tafi. Wannan magana tana da zurfi. Wani kashi na gajiyar marubuci daga son suna yake fitowa, son a ce shi ne ya gama, a zamaninsa aka keɓe littafin. Allah kuwa ya nuna wa Baruk cewa ransa yana da daraja a gabansa.

Ku yi la'akari da girman aikin. Sabon Alkawari yana da littattafai 27 da surori 260. Dukan Littafi Mai Tsarki yana da littattafai 66 da surori 1,189. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500. Wannan ba aikin gudu ba ne. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, aikin mutane da yawa ne na shekaru masu yawa.

Wani zai tuna da Martin Luther, wanda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci cikin wajen mako 11, aka buga a 1522. Gaskiya ne. Amma a lokacin yana ɓoye ne a ganuwar Wartburg, ba mata, ba 'ya'ya, ba gona, ana kawo masa abinci. Bai yi aure ba sai 1525. Cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa bai fito ba sai 1534, bayan shekara 12, kuma tare da abokan aiki ya yi shi. Kai mai 'ya'ya biyar da gonar doya, kada ka auna kanka da mudun mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki.

Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azi na birnin Landan, ana buga wa'azinsa kowane mako, ya kuma rubuta littattafai masu yawa. Ya yi fama da ciwon gaɓoɓi, da ciwon ƙoda, da baƙin ciki mai nauyi. A shekarunsa na baya yakan bar aiki lokacin sanyi ya tafi garin Menton a ƙasar Faransa don ya huta, a can kuma ya rasu a 1892 yana da shekara 57. Ya gargaɗi ɗalibansa masu koyon aikin fasto cewa lokacin hutu ba asara ba ne, tara sabon ƙarfi ne. Da jikinsa ya koyi wannan darasi.

Ga shawara kaɗan. Ka sa wa rubutu lokacin farawa da na tashi, ka sanar da iyalinka, domin su ba ka fili, su kuma san lokacin da za su same ka. In an kawo wuta tsakar dare, ba dole ba ne ka tashi. Ka tashi daga kujera kowace awa ka miƙe baya. In kana duban kwamfuta ko waya, bayan kowane minti 20 ka ɗaga ido ka dubi wani abu mai nisa na ɗan lokaci. Ka yi tafiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Sau da yawa kalmar da ta ƙi zuwa a tebur, a hanyar rafi take zuwa, ko a bakin wata tsohuwa da ka tsaya gaisarwa. Rubutun da ka gama da dare, ka bar shi ya kwana. Idon safe yana ganin kuskuren da idon dare ya tsallake. Ka koya wa wani matashi aikin. Bulus ma Tartiyas ne ya rubuta masa wasiƙar Romawa. Fasto kuma, tun da Lahadi ranar aikinka ce, ka zaɓi wata rana, ka gaya wa dattawa, ka riƙe ta.

Amma ba lalaci ba ne?

Na san tambayar da ke zuciyar wani. "Malam, kana maganar hutu, ni kuwa in ban fita yau ba, ba a ɗora tukunya." Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu raina ta ba. Littafi Mai Tsarki ya tsawata wa rago, ya aike shi wurin tururuwa ya koyi hikima. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki bai cancanci abinci ba. Dokar da ta ce a huta rana ɗaya, ita ce ta ce a yi aiki kwana shida. Rago yana gudun aiki. Mai hutu kuwa ya yi aiki, zai kuma koma.

Amma ka yi wannan lissafi. In ka faɗi da shanyewar ɓarin jiki, kwana nawa tukunyar za ta yi ba a ɗora ba? Rigakafi ya fi magani. Ko Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Mai aikin kansa ba shi da wanda zai tilasta masa, shi zai zama wa kansa shugaba mai adalci.

A ƙarƙashin wannan duka akwai batun dogara. A Fitowa sura 16, Allah ya ba Isra'ilawa manna ninki biyu a rana ta shida domin su huta a ta bakwai. Wasu duk da haka suka fita nema, ba su sami komai ba. Zabura 127, wadda ta kira 'ya'ya kyauta daga Ubangiji, ita ce kuma ta ce wahalar banza ce tashi da sassafe da kwanciya a makare saboda damuwa, gama Allah yana ba ƙaunatattunsa barci. Duk daren da ka rufe ido, kana shaida cewa akwai mai tsaron gidanka wanda ba ya gyangyaɗi.

Hutu kuma ba kullum yake tafiya yadda aka shirya ba. A Markus sura 6, manzanni suka dawo daga aiki, mutane na ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba. Yesu ya kira su su koma gefe, inda ba kowa, su ɗan huta. Suka shiga jirgi, amma taron ya riga su isa. Yesu ya ji tausayinsu, ya koya musu, ya ciyar da mutum 5,000. Bayan haka ya sallami taron, ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. Iyaye sun san wannan. Yaro zai yi zazzaɓi a daren da kika shirya barci. Maƙwabci zai buga ƙofa. Ki tashi, ki yi abin da ƙauna ta ce. Amma in abin ya wuce, a biya bashin hutun, kada a yafe shi.

Abin da za ku yi a wannan mako

Yau da dare bayan addu'ar iyali, ku zauna mata da miji ku tambayi juna tambayoyi uku. Awa nawa kowannenmu yake barci? Wace rana ce ranar hutun gidan nan, wa kuma yake aiki a ranar domin saura su huta? Wane aiki ɗaya ne za mu ba wani, ko mu bari gaba ɗaya? Ku sa lokacin ajiye waya da kashe fitila. In kun daɗe ba ku auna jini ba, ku je ku auna. In akwai gwauruwa ko mai reno ita kaɗai a unguwarku, ku karɓi yaranta na yini ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma gajiyar da barci ba ya warkarwa, gajiyar zuciya mai ɗauke da laifi da tsoro. A ƙarshen Matiyu sura 11, Yesu ya gayyaci dukan masu wahala da masu nauyin kaya su zo wurinsa, ya yi alkawarin hutawa ga rayukansu. Shi da ya gaji ya zauna a bakin rijiya a Samariya, shi da ya yi barci a kan matashi cikin jirgi, ya san yadda jikinka yake ji.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode domin aikin da ka ba hannuwanmu, da 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka gafarta mana inda muka ɗauki kanmu kamar mu ne muke riƙe da duniya. Ka ba iyaye mata da maza barci mai daɗi. Ka ƙarfafa masu rubutu da masu fassara Maganarka. Ka koya mana ɗaukar nauyin juna. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa. Ubangiji ya ba mu hutawa, ya tashe mu lafiya.